Salkar Yaya Illa

Daminar bana ta cika shekara goma sha bakwai da ruwa ya tafi da yayana Illa, mai hoton Tamaske. Har yau in hadari ya taso daga gabas sai in fara neman inda yaran gida suke. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Illa ba ya tsoron komai sai abin da zai jiƙa masa kyamara. Leda ba ta ishe shi ba, wai tana gumi. Sabuwar salka ya saya, ta fatar akuya irin wadda makiyaya ke zuba ruwa, ya shafe ta da man shanu. Yakan naɗe kyamarar a rawani, ya cusa ciki, ya hura iska don kada ta bugu, ya ɗaure bakin tam. Muna yi masa tsiya, yana cewa abin da ya hana ruwa fita zai hana shi shiga.

Ranar muna dawowa daga biki a Allakaye, muka tarar korama ta kawo. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, can kan duwatsu aka yi ruwan. Maza suka riƙe hannun juna kamar yadda aka saba, ana ƙetarewa a jere. Na miƙa wa Illa hannu.

"Yaya, kamo ni, don Allah!"

"Tahi, ƙanena, hannu biyu aparen ga ka so."

Apare yake ce wa kyamarar, kuma yana ɗauke da ita bisa kai, hannu bibbiyu. Ina kallo ruwa ya kai masa ƙirji, yashi ya zame a ƙarƙashinsa. Abin da na gani na ƙarshe hannuwansa ne, suna tura salkar sama.

Washegari aka sami gawarsa. Salkar kuwa an tsince ta saƙale a reshen gawo, a kumbure, kyamara a bushe ƙayau. Wani direba ɗan Gaya, wanda ya tashi a bakin kogi, ya juya ta ya ce da mai ita ya rungume ta, da ta ɗauke shi har gaci. Mu 'yan Adar mutanen dutse ne, babu wanda wannan ya taɓa faɗo wa a rai.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce da zamanin nan, da kowa ke ɗaukar hoto da waya, har ambaliya ana tsayawa bakin korama ana ɗauka ana dariya. Ina jin ko leda ce zai fara raba musu, kada wayoyin su jiƙe. Koramun kuwa sun ƙara faɗi da fushi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Sabi'u, wanda ya bari a goye, ya sayi tasa kyamarar, yana bin bukukuwa a kan moto, wato babur, har Buza. Makon jiya ya zo neman salkar ubansa. Na so in ce ta ɓace, bakina ya ƙi. Na ɗauko ta, na shafa mata mai, na hura da kaina.

"Sabi'u, in ruwa ya taras da kai, kak ka ɗaga ta. Rungume ta."

Ya yi dariyar ubansa sak, ya ɗaure ta a bayan moto. Gabas ta riga ta yi baƙi.