Na Jira Ka Zo Gaishe Ni, Badaru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran ƙanena Dakta Badaru Mansur a gidansa na Jajaye, yana da shekara arba'in da shida.

Badaru, ka san ni da tsiya. Shekara goma sha biyar ina kiranka likitan ɓeraye. Ina cewa mu muna fama da ɓera a rumbu, kai kuma gwamnati na biyanka ka ciyar da shi a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ka taɓa fushi ba. Sai ka zauna ka yi mini bayani: idan cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki takan saki wasu sinadarai da ke kai saƙo har ƙwaƙwalwa. Da kun tayar da su a jikin ɓera, sai ya bar abinci, ya ƙaurace wa 'yan uwansa, ya maƙale a lungu cikin fargaba. Kakan ce, "Yaya, mutum ma haka ne. Idan mai fara'a ya janye jiki, a fara tambayar lafiyarsa kafin a tambayi halinsa."

Mutanen garin Falgore ba su manta da matar ɗan garinsu Ɗantala ba, wadda ta daina magana bayan zazzaɓi, dangin miji suka ce raini ne. Kai ka sa ta a motarka zuwa asibiti, aka gano ciwon da ke cin ta. Yau tana nan da ranta, ta zo gaisuwa tana kuka.

Da azumin bana ka dawo gida ka ce hutu ka ɗauka. Ka rage fita, ka daina zama a majalisa. Ranar Ƙaramar Sallah na shimfiɗa tabarma a zaure kamar yadda muka gada, ƙanne na zuwa gaida babban yayansu. Kowa ya zo, ban da kai. Na ji zafi ƙwarai. Na ce boko ya hau maka kai. Maijidda, uwargidana, ta ce, "Malam, ka leƙa shi mana, ko ba lafiya ba." Na ce babba ba ya bin ƙarami da gaisuwar Sallah.

Sai a zaman makoki matarka Ummukulthum ta gaya mini cewa ranar ka sa babbar riga, ka kai bakin ƙofa, ka zauna a dakali, jiki ya ƙi. Ka hana a faɗa mini ciwon don kada hankalina ya tashi. Ka dai aiko cewa kana tafe. Saƙon ya iso ni, Badaru. Abin da na ce shi ne, "Ai ya san hanya."

Ina yi wa Ummukulthum ta'aziyya, da 'ya'yanka Kausar da Suhaibu, da ɗalibanka, da jama'ar Jajaye baki ɗaya. Allah ya jiƙanka, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya raya abin da ka bari.

Wanda ya karanta wannan, idan ya gama yi maka addu'a, ya roƙa mini gafara ni ma. Mako shida na yi ina jira, kuma tsakanin gidana da naka tafiyar minti goma ce.