Kan miji a tukunyar fulawa

Jama'a, yau saura ƙiris a yi min duka a Kawo saboda labarin da nake rubutawa!

Ina cikin keke zan koma Malali, ƙawata Hajara ta kira tana tambayar inda na tsaya. Kun dai san rubutuna, abubuwan da hankali ba ya ɗauka. Na ce mata, "Na cire kan mijin na dasa a tukunyar fulawa, kullum da safe yana neman shayi."

Wata hajiya a gefena ta damƙe min mayafi. Ta ce, "Mai keke, tsaya. Matar nan ta kashe mijinta."

Nan take mutane suka taru. Na ce ƙagaggen labari ne. Wani ya ce, "Mai hankali ba ya ƙaga wannan."

Na kira mijina ta bidiyo, yana ofis. Hajiya ta fizge wayar, ta ce, "Malam, nuna mana wuyanka."

Ya nuna. Suka watse suna zagina, mai keke ya ƙi ɗaukata.

Mijin nawa ya dawo ɗazu. Ya ƙi cin abincina.