Lungunmu Mita Biyu da Saba'in

Yayana ya shekara ashirin da biyu yana auna lungunan birni, kuma in ni za a tambaya, aikin ya shiga jininsa har ya ɓata shi. Mutum ne da ba ya iya cewa "nan kusa ne". Ka tambaye shi hanyar asibiti, sai ya ce maka mita ɗari huɗu da tamanin. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Santimita, sunan ya bi shi, har matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

A ofishin tsara birni yake aiki. Da safe zai fita da tef ɗin awo da littafi, ya shiga lungu, ya nemi inda ya fi matsewa, ya auna sau uku, ya rubuta. Lambobin nan ake zuba wa kwamfuta, ita kuma ta zana taswirar birni da launi. Lungun da faɗinsa ya kai mita uku kore ne, wanda bai kai ba ja. Ja na nufin motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, don haka duk katangar da ta ci hanya sai ta koma baya. Zagi kam ya sha shi. An taɓa sheƙa masa ruwan wanki daga saman bene, sai da ya goge littafinsa tukuna ya goge fuskarsa.

Lungu ɗaya ne bai taɓa aunawa ba, shi ne namu. Gidanmu ƙaramin bene ne. Da gwiwoyin Inna suka fara ciwo, hawa ya gagare ta, sai marigayi Baba ya gina mata ɗaki a ƙasa, a bakin ƙofa. Inna doguwa ce, gadonta na ƙarfe ma dogo, filin kuma bai isa ba. Baba bai tsaya dogon tunani ba, ya turo katangar cikin lungu, daidai gaban shagon tela. A lokacin ba wanda ya ce uffan, kowa haka yake yi.

Yaya ba ya buƙatar tef ya san abin da ke wurin, idonsa ya gaya masa tun tuni. Duk shekara in an ba shi jerin lungunan da zai auna, sai ya mayar da namu ƙarshe, shekara ta ƙare bai kai ba. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya. Ya nemi a sauya masa shiyya, aka ƙi. Barin aikin kuma ba zance ba ne, ga 'ya'ya biyar, ga shi ba abin da ya iya a duniya sai jan tef. In ya zo wucewa ta gaban ɗakin Inna, kai yake sunkuyarwa kamar wanda ya yi sata.

Sai aka kawo sabuwar shugaba a ofis. Ranar farko ta haska taswirar a bango, birni duk kore da ja, sai wani siririn farin layi a tsakiya.

Ta ce, "Wannan fa?"

Yaya ya ce, "Ban kai can ba tukuna, ranki ya daɗe."

Ta duba takardunsa, ta ɗago. "Ba ka kai can ba? To a ina kake kwana?"

Ta ba shi zuwa Alhamis. Ya roƙi abokin aikinsa ya je a madadinsa, shi kuma ya ce a rufa masa asiri, ba zai shafa wa ɗakin tsohuwa jan fenti ba alhali ɗanta na raye.

Ranar Alhamis da hantsi ya fito da tef. Na tare shi a bakin ƙofa, na ce, "Yaya, rubuta mita uku kawai. Rufin kwano ya rufe lungun, ko hoton sama ba ya ganinsa. Wa zai sani?"

Ya ce, "Gida ɗari uku da goma sha ɗaya na sa aka rushe wa katanga. Wasu abin da suka ci bai kai rabin namu ba."

"To, cikinsu akwai wadda ta haife ka?"

Ya shiga warware tef ɗinsa. Haushi ya sa na ƙi riƙe masa bakin tef ɗin. Muna cikin haka Inna ta fito tana dogara sandarta, ta miƙa hannu ta ce a ba ta. Ta dafe bakin a jikin katangarta, shi kuma ya ja baya zuwa shagon tela. Tela ya tsayar da kekensa yana kallo, shi ma bara waccan aka rage wa ƙaninsa shago a kan awon Yaya.

A nan na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Tef in bai miƙe ba, lamba ƙaruwa take yi, kowane mai awo ya san haka. Yaya ya sassauta hannu, tef ya yi ciki, ya ƙara sassautawa har ya kusa taɓa ƙasa. Gumi na tsatsafo masa a goshi. Wallahi daɗi na ji a raina, na ce yau dai ɗan Inna ya tuna ɗan wa ne.

Inna ta dubi tef ɗin, ta dube shi. Ta ce, "Kai, igiyar shanya ka zo ɗaura mini? Ja shi yadda kake ja wa mutane."

Ya ja. Mita biyu da saba'in. Sau uku suka auna, sau uku ta fito haka, ya rubuta.

Bayan wata biyu magina suka mayar da katangar baya santimita talatin. Da aka zo mayar da gado, ya ƙi shiga. A tsaye ba ya shiga, a kwance ya toshe ƙofa. Mai walda ya zo ya datse shi, aka yanke katifa da wuƙa. Tun daga ranar Inna a takure take kwana, da gwiwoyin nan nata a lanƙwashe, don sama dai ba ta iya hawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lungunmu har yau ja ne a taswira. Can gaba akwai katangar wani mai hanya a ofis, faɗin lungun a wurin mita biyu da tamanin da biyar ne, kullum ana cewa za a zo a rushe. Motar kashe gobara ba ta shiga, kamar yadda da ma ba ta shiga. Ɗan filin da aka ƙwace wa Inna kuwa, tela ne ke jingine babur ɗinsa a ciki.

Inna ba ta taɓa yi wa Yaya ƙorafi ba, ni ce mai yi, kuma ban daina ba. Saura masa shekara shida ya yi ritaya. Kullum da safe kafin ya tafi ofis yana shiga ɗakin, ya durƙusa a gefen gadon, ya kama ƙafafunta da suka sandare, ya miƙe mata su ɗaya bayan ɗaya. Tana cije leɓe don kada ya ji, shi kuma yana kallon ƙasa don kada ta gane ya ji.