Tsohon Jujin Bayan Gidanmu

Ni ne ɗan fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Wancan" take ce mini, ko da ina zaune a gabanta. Yabo kuwa ba a ma maganarsa. Haka ta taso ta gani, ni ma ban ɗauki abin da zafi ba, sai dai in ta kira ƙannena da sunayensu nakan ji wani ɗan ƙaiƙayi a raina.

A bayan gidanmu akwai wani tsohon kududdufi, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Shekara da shekaru motocin shara suna juyewa a ciki, har ya cika ya yi tudu. Da hukuma ta rufe shi aka baje jar ƙasa a kai, unguwa ta yi hamdala. Ashe sharar tana can ƙasa tana ruɓewa, tana fitar da iskar gas, iskar kuma tana neman hanya.

Ta madafar Inna ta samu hanyar. Daɓen ya tsage, wari ya riƙa tasowa kamar na baragurbin ƙwai. Wata safiya ta hura wuta, sai wani shuɗin harshe ya bi tsagar a guje har gindin bango, ya lashe mata gefen zane. Maƙwabta suka ce mutanen ɓoye ne suka taso, tunda an rufe musu gida. Na zo na tarar da gwaggona riƙe da kaskon garwashi, za ta turara tsagar. Ban san sa'ad da na fizge kaskon ba. Na hana girki a ɗakin, na ce in damina ta faɗi ba a yi maganin abin ba, Inna za ta koma gidana a Kambarawa.

Ko kallona ba ta yi ba. Sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki gaya ma wancan, gidan ga aka kawo ni, nan za a ɗauki gawata. Ba ni tahiya ko'ina."

A lokacin ina aiki a ofishin kula da tsaftar gari, kuma ni aka ɗora a kan kwamitin da zai ɗauki 'yan kwangilar da za su shawo kan iskar. Cikin masu nema har da kawuna, ƙanen Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi suna wajen ginin kwalbatoci da shaguna. Shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Ya same ni a zaure ya ce, "Ɗana, mi ne abin wahala a nan? Abin da ke wari ai ruhe shi ake. A malale wurin ga da siminti, a jera shaguna, kowa ya huta."

Ni kuwa na san in aka toshe wa iskar sama, gefe za ta bi, gefen kuwa gidajen mutane ne.

Na gaya wa kwamiti dangantakarmu, sannan na ce ba za mu zaɓi kowa daga kan kujera ba. Muka kwashi masu nema duka zuwa jujin da tsakar rana, tambaya ɗaya muka yi wa kowa: ina iskar za ta tafi? Wasu ko daga mota ba su fito ba, kada farar shadda ta ɓaci. Na ji kamar in jawo su waje ta wuyan riga. Kamfani ɗaya ne injiniyarsu, wata mata mai ƙaramin jiki, ta yi sallama ta shiga madafar Inna, ta durƙusa da na'urarta a bakin tsagar. Ta ce za su haƙa dogon rami tsakanin jujin da gidaje su cika shi da tsakuwa, su kafa bututai su janye iskar zuwa can nesa a ƙone ta, kuma za su riƙa dawowa suna aunawa. Su ne kwamiti ya ba aikin.

Ba a aika wa kawu irin wannan labari da takarda. Da kaina na je bayan la'asar, na tuɓe takalmi, na zauna a ƙasa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na faɗa masa. Ya ce, "Ka kyauta." Bai raka ni ba, daga baya bikin sunan 'yata ma bai zo ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Inna kuwa na rasa gane ko fushi take da ni.

Na tsaya a kan aikin nan har na yi baƙi. Tifa ta kawo tsakuwa haɗe da yashi, na ce a mayar, direba ya zage ni na rama. Kafin ruwan fari bututai sun tsaya a jere kamar turakun awaki, wuta na ci a ƙarshensu cikin shingen ƙarfe. Injiniyar ta yi ta zuwa tana auna madafar, har ranar da ta ce, "Inna, hura wutarki."

Ranar Inna ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta aika aka kira kawu. Ya zo fuska a ɗaure. Ta ajiye masa akushi, ina gefe a zaune, ta ce, "Alhaji, ci. Tuwon ga cikin madahwata aka tuƙa shi. Da ka malale wurin can, da yanzu ina Kambarawa ina kallon bango. Wancan ya san aikinshi."

Na sunkuyar da kai. Da furfurata da komai, idona ya cika da ƙwalla. Kawu ya daɗe yana kallon tuwon, sannan ya turo akushin gabana ya ce, "Matso mu ci, sarkin taurin kai."

Har yau Inna ba ta kira sunana ba. Ni kuwa tun daga ranar ban sake jin ƙaiƙayin nan ba.