Igiyar da na kai wa mai rago

Ran kasuwar Cadawa na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar kaba, sai marigayi tsohon nan ya faɗo mini a rai, wanda duk unguwa ke kira Baba.

Ina saurayi na kwance ragon wani Bafillace na sayar. Jandarma suka kama ni, ana maganar kai ni kaso. Baba ya je ya tsaya mini, ya kawo ni rumfarsa, inda irina huɗu ke koyon tufkar igiya. Kowace kaka yakan bi gida-gida da jakinsa yana roƙon damin hatsi don ciyar da mu. In aka yi gunaguni, sai ya ce, "Kaso ƙafa yake tsarewa, ba ya gyara hannu."

Kaba ta yayyanka mini tafin hannu kafin igiyata ta yi kyau. Baba ya ja ta da ƙarfi, ta ƙi tsinkewa. Ya ce, "Tashi ka kai wa mai rago."

"Baba, wallahi kunya nake ji."

"Madalla, ɗana. Ita nake jira tun ran da ka zo."

Na isa rugar, na miƙa wa mai ragon igiyar. Mutumin ya daɗe yana juya igiyar, sannan ya ɗaure maraƙinsa da ita, ya sa aka kawo mini nono.

Bana ni ke bin gidaje da jaki saboda samarin rumfar, wasu na bayarwa, wasu na rufe ƙofa. Baba, Allah Ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani, kamar yadda ka tsaya mini.