Suna na Arba'in da Ɗaya

Jama'a, yau kwamfutata ta fito da sunan mamaci!

Kun san ina kwashe rajistar makarantar Kakanmu ta nan Illela, wadda ya rubuta a shekarar samun 'yancin kai, ina zuba ta a fayil. Ɗalibai arba'in cif, da hannuna na shigar da su. Da hantsi na rubuta ɗan kod, wato umarnin kwamfuta, da zai loda fayil ɗin ya jero sunayen.

Na danna. Arba'in da ɗaya! Na ƙarshe: Shehu, Kalmalo.

Na buɗe fayil, babu Shehu. Na koma littafin, sai ga wani layi a ƙasan shafi an kankare shi.

Kawu Bello, yayan mahaifiyata, yana zaune a gefena. Na karanta masa, carbi ya suɓuce daga hannunsa.

"Mi kinka ce?"

"Shehu, Kawu."

"Yayana ne. Tabkin Kalmalo ya ci shi, ba a ga gawa ba. Baba da kansa ya kankare sunan, ya hana kowa ambatonsa."

Na ce, "Kawu, in kashe kwamfutar?"

Ya daɗe yana kallon sunan.

"A'a, ɗiyata. Ƙara masa girma in gani da kyau."