Na Bi Sadiku Kaduna da Kaza a Kwando

Tunga, Minna, kafin assalatu

Ranar Laraba ban hura wutar waina ba, shi ya sa kuka zo kuka tarar da tanda a kife. Tun daga ranar kowacce a ajinmu na yaƙi da jahilci da irin labarin da ta ji. To ga shi daga bakin mai ita, kuma da hannuna na rubuta.

Sadiku shi ne autana, ɗan wasan gaba a wani ƙaramin kulob nan Minna. Farkon damina wani mai tsaron baya ya tako shi a ƙwauri, ƙashi ya tsage. Muka kai shi Gwada wurin Baba Bawa mai ɗori. Ga wadda ba ta san aikinsu ba: ranar da aka ɗaure wa mutum kara, ranar ake karya ƙafar kaza a ɗaure ta ita ma, a bar ta gidan mai ɗori. Ba gudu, ba tsalle, sai ranar da kazar ta taka. Kuma wanda ya ɗaure shi ke kwancewa.

Na tashi alwala, na leƙa ɗakinsa, sai ga karan ɗori a kan katifa, an yanke zaren da reza. Babu jaka, babu takalmin ƙwallo. Wayarsa a kashe. Na kira abokin wasansa, ya dinga kame-kame, sai da na ce zan zo har gaban uwarsa in yi masa tas sannan ya faɗa. Wai dillalin 'yan wasan nan da suke ce wa Manaja ne ya tafi da shi Kaduna. Wani babban kulob zai gwada 'yan wasa da la'asar, kuma ƙarshen mako ake rufe kasuwar sayen 'yan ƙwallo. Na ce ƙafar fa? Ya ce akwai allurar da ake yi, mutum ba ya jin komai sai an tashi.

Na yafa mayafi ko karyawa ban yi ba. Mai keke ya sauke ni tashar motocin Kuta, masu bi ta Gwada, gari bai gama wayewa ba.

Gwada

Motar cike da 'yan sarin doya, mu huɗu a baya, gwiwa ta hau gwiwa. Ban tafi Kaduna kai tsaye ba don na san ɗana. In baki ne, ya fi ni, sai ya mai da fari baƙi. Abin da zai gani da ido nake nema.

Na sami Baba Bawa yana daka magani a ƙofar gida. Da ya ji abin da ya faru sai ya shiga ya ɗauko kazar ya ajiye a gabana. Ja ce, mai wuyan tsirara. Ta yi tsalle biyu a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a naɗe a ciki, ta kwanta.

“Ƙashi ya kama, amma bai nuna ba,” in ji shi. “Doya ce, Hajiya. In aka tone ta da wuri, ruwa ce.”

Na ce ya ba ni ita. Ya ce ba a taɓa fitar da kazar ɗori daga gidan nan ba, tun zamanin ubansa. Na ce ni ma ba a taɓa yanke ɗori da reza a gidana ba, yau ranar sababbin abubuwa ce. Matarsa ta yi dariya daga cikin madafi, ita ta kawo kwando. Ya ja mini kunne kada kowa ya taɓa ɗaurin, kuma in dawo masa da abarsa.

Daga Gwada hanya biyu ce. Ko in koma Minna in jira mota ta cika a bi ta Suleja, in isa an tashi, ko in miƙe ta Sarkin Pawa, hanyar da kowa ya san halin dajinta. Na tsaya bakin titi ina juya abin. Wani direba mai suna Ɗanjuma ya ce saura mutum ɗaya. Na ce Allah ya tsare, na shiga.

Sarkin Pawa

Ba na ce ga abin da na gani a hanyar nan ba, ban da gonakin da ciyawa ta cinye da ƙauyukan da babu ko akuya. Ɗanjuma ya kashe rediyo, idonsa a gefen daji fiye da kan titi.

A shingen 'yan sa-kai wani ya leƙa kwando ya ce, “Mama, wannan tamu ce ko?” Na ce majinyaciya ce, asibiti za mu. Suka bushe da dariya suka janye itace. A na sojoji kuwa aka tambaye ni da turancin buroka, na ba da amsa da Hausa, muka rabu lafiya.

Sai jira. Ba a barin mota ɗaya ta wuce daga nan, sai an taru a tafi a jere. Rana ta take, azahar ta yi, muna gindin mangwaro. Na sayi gasasshiyar doya da manja, na marmasa wa kazar. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Sau nawa na je na tambayi Ɗanjuma, har ya ce in da ƙafa zan tafi ga hanya nan.

Wani fasinja mai tabarau, ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, ya ji labarina ya ce ban kyauta ba. Wai ƙwallo kasuwar safe ce, ba ta jiran kowa, yaron da ya wuce shekara ashirin bai bar ƙaramin kulob ba, to a nan zai tsufa. Ya ce ya ga waɗanda suka buga da allura suka sha, ya kuma ga waɗanda suka zauna jinya aka manta da sunansu. Na ce waɗanda suka buga ba su sha ba fa, bai gan su ba? Ya ce ya gani. Amma maganarsa ta bi ni har Kaduna, ba zan ɓoye muku ba.

Kaduna

Mun fito babban titi rana ta karkata. Daga Kakuri na hau acaɓa, kwando a cinya. Filin wata makaranta ne, ni na karanta allon da kaina na ce wa ɗan acaɓa ya tsaya.

An riga an fara. Na kutsa cikin 'yan kallo, sai ga shi da jar riga. Ni ban taɓa zuwa kallonsa ba, kullum ina bakin tanda. Ashe haka yake. Ya karɓi ƙwallo da ƙirji, ya yanke mutum biyu kamar an dasa su, ya ɗaɗa ta ta daki ƙarfen raga, fili ya ɗauki ihu. Wani na kusa da ni ya ce wannan ɗan Minna ai an gama, nasu ne. Na tuna yadda yake zama kusa da ni in ina soya waina, yana nuna mini a waya wata ƙasar Turai da Manaja ya ce daga Kaduna can za a kai shi, inda mutane ke wasa da sanda a kan ƙanƙara, yana cewa zai aiko mini da bargo. Wallahi na kusa juyawa in koma tasha.

Sai aka ture shi ya faɗi a kan ƙafar. Ya miƙe zumbur, ko yatsine fuska bai yi ba. Wannan ne ya tsorata ni. Ƙafar da jiya da safe ma sai ya dafa bango yake iya taka ta.

Da aka hura usur na hutun rabin lokaci na tsallaka farin layi. Manaja ya tare ni yana murmushi, Hajiya kaza, Hajiya kaza, a zo gefe a yi magana. Na ce ya matsa, ba shi ya yi naƙudar ba. Na wuce wurin kocin, wani dattijo mai furfura a gemu, na ajiye kwando na buɗe. Kazar ta fito ta yi ɗingishinta a gaban jama'a. 'Yan wasa suka fashe da dariya, wasu suka ɗaga waya. Sadiku ya sunkuyar da kai.

Kocin ko kallon kazar bai yi ba. Ni ya kalla.

“Mama, me ya sami yaron?”

“Tsagewar ƙashi. Daren jiya ya yanke ɗori. Allura ce ke gudu, ba shi ba.”

Ya tambayi Sadiku ko gaskiya ne. Yaron ya kau da kai. Kocin ya ce ya cire rigar ya ba wani. Ya ce da shi suka yi niyyar ɗauka, amma ba sa sayen abin da aka ɓoye musu, kuma bai yi alkawarin wata kakar ba. Manaja ya zage ni, na rama, ya shiga motarsa ya bar yaron a tsaye.

Sadiku ya zo ya tsaya gabana, gumi na zuba. Bai ɗaga murya ba.

“Mama, da kin bari an tashi. Rabin lokaci ne kawai ya rage.”

Na sunkuya na mai da kazar cikin kwando.

Mun kwana Tudun Wada gidan ƙanwar marigayi ubansu. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce na yi daidai, sannan ta bi shi ɗaki ta ce masa na yi kuskure. Haka take tun muna amare. Tuwonsa da safe na gan shi yadda aka kai.

Komawa ta Suleja

Wannan karon doguwar hanya muka bi. Ya zauna gaba kusa da direba, ni can baya da kwandona. A mararrabar Dikko aka tsaya cin abinci, bai fito ba. Ta taga na hango shi ya sassauta igiyar takalmi yana cije leɓe. Da ya ga ina kallo sai ya mai da ƙafar ƙarƙashin kujera. Ramukan Lambata zuwa Paiko kuwa, duk wanda motar ta faɗa a ƙeyarsa nake gani.

Mun sauka Tunga ana kiran magariba. Na miƙa masa kafaɗa, ya kama ta mai keke.

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Ɗanjuma direba, da mutanen Gwada da na mayar wa kazarsu, da ku da kuka riƙe mini masu sayen waina da haƙuri. An rufe kasuwar 'yan ƙwallo, sunan ɗana ba ya ciki, kuma ni na jawo. Har yau bai gaishe ni ba. Da asuba ina jin takunsa a tsakar gida in zai yi alwala, ɗaya da nauyi, ɗaya a hankali. Ya yi ta fushinsa, in dai a kan ƙafa biyu zai yi shi.